Tirela a Tsaye, Inji na Sulo: Dalilan Direbobi da Yadda Za a Rage Asarar Gas

A inda manyan motoci ke jiran lodin siminti a Ashaka, ko a Tudun Hatsi cikin Gombe, ko wuraren da tireloli ke kwana a hanyar Bauchi zuwa Jos, ba a rasa mota biyu ko uku da injinsu ke sulo, wato yana aiki mota na tsaye, alhali ba su da niyyar tashi. Mai mota yana ganin ɓarnar gas ce. Direba kuwa idan an tambaye shi yana da amsa, kuma sau da yawa amsar tana da tushe. Abin da muka sani daga aikin waɗannan motoci shi ne sulo iri biyu ne. Akwai na 'yan mintoci wanda inji ke buƙata, wanda barinsa ma lahani ne. Akwai kuma na awanni ko na dare guda, wanda a ƙasarmu kusan kullum yana ɓoye wata matsala ce da ba a gyara ba. Wannan bayani zai taimaka wa direba da mai mota su gane wanne ne nasu, da abin da za a yi a kowane hali.

A Amurka da Turai babban dalilin direbobin doguwar tafiya shi ne ɗakin kwanansu yana cikin kan motar, suna buƙatar na'urar ɗumama ɗaki ko ta sanyaya shi duk dare, kuma a tsananin hunturu gas kan yi kauri ya toshe filta. Duk da haka wurare da yawa sun taƙaita abin, jihar Kalifoniya ma minti 5 ta yarda babbar mota ta yi sulo in ba da wani uzuri da doka ta sani ba. Sanyin Bauchi da Gombe, har ma na Jos, bai kai ya daskarar da gas ba. Don haka wannan hujjar ba tamu ba ce, kada a aro ta.

Abin da sulo ke ci

A fara da lissafi, domin shi ke raba gardama. Injin babbar tirela irin DAF, MAN, Mack, Iveco ko Howo yana sulo ne a juyi 550 zuwa 700 a minti, kuma yana shan gas kimanin lita 3 a awa ɗaya. Zai iya sauka zuwa 2 idan injin lafiyayye ne kuma ba a kunna komai ba, zai iya haura 4 idan an kunna na'urar sanyi ko an ɗaga sulon. Kwana ɗaya na awa 8 ke nan lita 24. Tirela mai cikakken lodi tana yin kilomita 2 zuwa 2.5 a kan kowace lita, wato gas ɗin da aka ƙona a tsaye zai kai mota kilomita 50 zuwa 60, kusan kashi ɗaya cikin uku na hanyar Bauchi zuwa Gombe. Idan mota ta yi irin wannan kwanan sau 20 a wata, lita 480 ce ta tafi. Kowa ya ninka da kuɗin lita na yau.

Domin sanin adadin motarka, ka tsayar da ita a wuri mai daidai, ka cika tanki zuwa wata alama da ka sani, ka bar ta sulo awa biyu, sannan ka sake cikawa da jarka mai awo ka raba biyu. Motocin da ke da kwamfuta a gaban direba suna nuna lita nawa a awa kai tsaye. Wannan gwaji yana kashe rigima mai yawa tsakanin maigida da direba, saboda ba kowane gas da ya ɓace ba ne aka zuƙa aka sayar.

Asarar da ba a gani ta fi ta gas. Injin gas ba ya yin zafi sosai idan babu nauyi a kansa. A sulo, gas ba ya ƙonewa duka, ragowar yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya zurara ta gefen ringin fistin ya gauraya da man da ke ƙasa ya tsinke shi. Bakin nozul yana tara baƙin dauɗa. Bangon silinda yana yin santsi kamar gilashi, ringi ya daina kamawa, mota ta fara shan baƙin mai da fitar da shuɗin hayaƙi. Alamar da kowa zai iya gani ita ce wani baƙin ruwa mai danƙo da ke tsatsowa daga mahaɗar salansa. Abin ya fi muni a motar da aka cire mata bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu: irin wannan injin ko ya kwana yana sulo ba zai kai digiri 80 da ake so ba. Wasu masu ƙera injuna suna lissafin awa ɗaya ta sulo a matsayin tafiyar kilomita 40 zuwa 50. Ma'ana, mai canza baƙin mai da lissafin kilomita kaɗai yana makara a motar da ke yawan sulo. Sababbin motocin Turai masu matatar hayaƙi a salansa kuwa, dogon sulo yana toshe matatar, mota ta rage ƙarfi da kanta.

Sulon da ya zama dole

Na farko shi ne na huce tabo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don tura ƙarin iska cikin inji. Tabo yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti idan mota na jan kaya, hayaƙin da ke juya shi kuma yana wuce digiri 600 a kan hawa. Baƙin mai ne ke sanyaya sandarsa. Idan aka kashe inji nan take, mai ya tsaya, wanda ya rage a ciki ya soye ya zama gawayi, a hankali ya cinye bushin. Don haka bayan hawa mai tsawo, kamar daga Toro zuwa Jos ko tuddan da ke tsakanin Kaltungo da Cham, a bar inji ya yi sulo minti 3 zuwa 5 kafin a kashe. Idan an shigo gari a hankali ba lodi, minti ɗaya ya isa. Kuma a daina taka totur sau biyu ko uku kafin a murɗa makulli. Taka totur ɗin yana sa tabo ya ci gaba da gudu bayan mai ya yanke, shi ne ainihin abin da ake gudu.

Na biyu shi ne na safiya. A tayar, a tabbata agogon baƙin mai ya tashi cikin daƙiƙa 10 zuwa 15, in bai tashi ba a kashe nan take. A jira iska ta cika, minti 3 zuwa 5, sannan a ja a hankali da ƙaramar giya. Tafiya mai sauƙi ta kilomita biyu tana ɗumama inji fiye da sulon rabin awa, ko da cikin hunturun Janairu ne.

Na uku, motocin da aikinsu ke rataye da inji: tifa idan tana juye yashi, tankar siminti mai busa da iska, motar da ke da famfon sauke kaya. A nan a ɗaga juyi zuwa abin da littafin motar ya ce, yawanci 900 zuwa 1,200, kuma a kashe da zarar aiki ya ƙare. Tankar fetur ita tata dokar daban ce: lokacin lodi da saukewa a kashe inji, babu tattaunawa.

Bayan waɗannan ukun, duk wani dogon sulo a bincika dalilinsa.

"In na kashe ba za ta tashi ba"

Wannan ita ce amsar da aka fi ji, kuma tana da rassa uku: batir, kik (na'urar da ke juya inji don ya tashi), da iskar da ke shiga layin gas.

Yawancin tirelolin da ke hanyoyinmu suna aiki da wuta bolt 24, wato batir biyu masu bolt 12 da aka jera. Ka sayi ƙaramar mita ta awon wuta, kuɗinta bai kai na lita biyar na gas ba. Da safe kafin a tayar, bayan mota ta kwana a kashe, ka auna kowane batir shi kaɗai. Cikakke yana nuna 12.6. Idan ya nuna 12.2 ya kai rabi. Idan ɗaya ya nuna 12.6 ɗayan kuma 11.9, to ka kama ɓarawon. Sau da yawa dalilin shi ne an ja waya daga batir ɗaya don rediyo, fanka ko cajin waya mai bolt 12, wannan batir ya riƙa ƙarewa, ɗan'uwansa kuma yana shan caji fiye da ƙima, duka biyun su mutu da wuri. Maganinsa ƙaramar na'urar da ke sauke wuta daga 24 zuwa 12. Kuma idan za a canza batir a canza biyun tare, masu girma ɗaya, kada a haɗa sabo da tsoho.

Sai ka sa yaron mota ya riƙe mita a kan batir, kai ka murɗa makulli. Idan wutar batir ɗaya ta faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke juyawa, wannan batir ya gaji. Bayan inji ya tashi, ka auna biyun a haɗe: 27.5 zuwa 28.5 ne daidai. Ƙasa da 27 a duba bel ɗin altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ko ya saki, sannan altanetar kanta. A nan ne ma hujjar "ina cajin batir" ke rushewa, domin a sulo altaneta ba ta ba da cikakkiyar wutarta. Awa ɗaya a kan hanya ta fi awanni a tsaye.

Zafin Maris da Afrilu, lokacin da Gombe ke kai digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir. A duba duk mako biyu, a ƙara ruwan batir da ake sayarwa har ya rufe faranti, ban da ruwan rijiya ko na leda. A kwance kawunan batir a kankare farin gishirin nan da ruwan zafi da buroshin ƙarfe, a ɗaure tamau, a shafa giris kaɗan. Kada a manta da wayar da ke zuwa jikin shasi, ita ake yawan mantawa kuma ita ke yawan yin tsatsa. Idan motar tana da makashin wuta gaba ɗaya kusa da akwatin batir, a riƙa kashe shi da daddare, sai dai idan akwai na'urar bin sawun mota da ke buƙatar wuta, a nan sai a tambayi wanda ya ɗaura ta.

Idan batir lafiya amma kik yana yin ƙas ƙas ba ya juyawa, yawanci gawayinsa ne ya cinye ko maɓallin da ke samansa ya ƙone. Aikin yini ɗaya ne wajen mai rewaya. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 zuwa 20, a huta minti 2 kafin a sake, in ba haka ba wayar cikinsa ta ƙone.

Idan kuma kik yana juyawa garau amma inji ba ya kamawa sai an buga famfon hannu, to gas ne ke komawa tanki da daddare saboda iska na shiga ta wani wuri. A duba robar murfin filta, wasar tagulla da ke mahaɗar bututu, tsagewar tiyo daga tanki, da famfon hannun kansa. Dabara mai sauƙi: a saka guntun tiyo mai gani-har-hanji kafin filta, a tayar, a kalli ko kumfa na wucewa. Sai a riƙa matsar da tiyon baya har a gano inda kumfar ta fara. Wasar da za ta gyara wannan ba ta kai kuɗin shayi da burodi ba, amma an sha ƙona ɗaruruwan litoci saboda ita. Jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin iska don a tayar da mota kuwa, a bar shi. Yana karya ringi, yana iya kama wuta a hannun yaro.

Iskar birki

Wannan ya fi kowanne muhimmanci, domin ya shafi rai. Birkin tirela da iska yake aiki, kwamfuresa kuma sai inji na juyawa take tara iskar. Birkin ajiye mota kuwa sifirin ne mai ƙarfi ke danne shi, iska ce ke sake shi. Idan iska ta zube da daddare, mota ta kulle kanta. Shi ya sa direban da kik ɗinsa ya lalace kuma iskarsa na zuba ba ya yarda ya kashe inji ko da a kan gangara ya tsaya: babu iska, ba za ta gangara ba balle a saka giya ta tashi. Motoci masu giyar kwamfuta ma ba a tayar da su da turi ko ja, kuma kulocinsu da iska yake aiki.

Ga yadda ake gwadawa. A tsaya a wuri mai daidai, a saka weji gaba da bayan taya. A bar iska ta cika har a ji kwamfuresa ta yi atishawar nan ta yanke. A Mack wannan yana faruwa wajen psi 120 zuwa 135, a tsofaffin motocin Turai wajen bar 8, wasu sababbi kuma sun fi haka (psi da bar ma'aunan ƙarfin iska ne da ke kan agogon iska). A kashe inji, a saki birkin ajiyewa, a jira allura ta natsu, sannan a duba agogo minti ɗaya. Kai da bodi a haɗe kada su zubar da fiye da psi 3, wato kimanin bar 0.2. Sai a taka birki a riƙe, bayan faɗuwar farko a sake ƙirga minti ɗaya: kada ya wuce psi 4. Abin da ya wuce haka yoyo ne, kuma motar ba ta cancanci ɗaukar lodi ba.

Neman yoyon da ruwan omo ake yi, a cikin gorar roba mai huda a murfi. A fara da mahaɗar tiyo biyu da ke tsakanin kai da bodi, ja da rawaya a motocin Turai, ja da shuɗi a na Amurka. Robar da ke bakinsu ita ce ta fi saurin mutuwa, ya kamata a riƙa ajiye guda huɗu a mota. Daga nan a bi tukwanen birki na kowace taya, bawul ɗin ƙafa, bawul ɗin hannu, da ƙasan tankunan iska. Inda kumfa ta taso, nan ne. A kuma riƙa jan zoben da ke ƙasan kowane tanki kullum da yamma. Idan ruwa da yawa ya fito, filtar busar da iska ta gama aiki, ana canza ta kusan sau ɗaya a shekara. Idan baƙin mai ya fito, kwamfuresa ce ke tura mai.

Abin da ke tayar mana da hankali shi ne sulo yana rufe wannan ciwo. Kwamfuresa na cike gurbin abin da ke zuba, allura tana nan a sama, direba ya ɗauka lafiya lau. Ranar da aka shigo gangara mai tsawo da tan 30 a baya, kamar ta shiga Gombe daga ɓangaren Bauchi, ana taka birki a kai a kai, sai abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. Mota mai lafiya tana kwana a kashe ta wayi gari da mafi yawan iskarta.

Zafi, sauro da tsaro

Waɗannan dalilai ne na gaskiya, kuma mai motar da ke kwana a ɗaki da fanka bai kamata ya raina su ba. Direban da bai yi barci ba haɗari ne a kan titi. Amma akwai hanya mai rahusa. Fanka mai bolt 24 tana jan amfiya ɗaya zuwa biyu, dare guda ba zai taɓa lafiyayyen batir mai amfiya 150 ko 200 ba. A haɗa da ragar sauro a tagogi da abin rufe gilashin gaba tun da rana. Akwai kuma na'urar sanyi mai aiki da batir da ake ɗaurawa a rufin kai, sai dai tana jan wuta sosai, dole a ba ta batir nata daban ko a saka abin da zai yanke ta idan wuta ta sauka, in ba haka ba a wayi gari da sanyin ɗaki da matacciyar mota.

Haɗarin hayaƙi kuma ba wasa ba ne. Yaran mota da yawa suna shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi, daidai inda hayaƙin salansa ke taruwa idan iska ba ta kaɗawa. Salansa mai huda a ƙarƙashin kai kuma tana tura hayaƙi cikin ɗakin direba. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari nata, alamunta ciwon kai, jiri da kasala, kuma mai barci ba ya jin su. A 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka hayaƙin injin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji. Idan inji na aiki, kada kowa ya kwanta a ƙasa ko a bayan salansa. Kada a shigar da janareta ko kaskon gawayi cikin kai.

Batun tsaro, wato a bar inji a kunne don a iya ficewa da sauri, maganinsa tsara tafiya ne: a kwana inda ake da haske da sauran motoci da mai gadi, a juya kan mota ya kalli mafita tun kafin a kashe. Motar da batir ɗinta, kik ɗinta da iskarta ke lafiya tana tashi ta ja cikin ƙasa da minti ɗaya idan ta kama dole.

A layin lodi kuwa, inda ake matsawa tsawon mota ɗaya a tsaya, ƙa'idar ita ce idan tsayuwar za ta wuce minti 5 a kashe. Tayar da inji mai ɗumi yana cin gas ɗin da bai kai na sulon minti ɗaya ba, kuma lafiyayyen kik yana jure wannan.

Idan dole ta sa sai an bar inji yana aiki, misali kik ya mutu a Alƙaleri ko Darazo kuma sai an kai gari za a sami gyara, to a yi shi da tsari. A saka giya a firi, a ja birkin ajiyewa, a saka weji. A ɗaga juyi zuwa 900 ko 1,000 maimakon ƙaramin sulo, zai ƙara shan gas amma mai zai zagaya sosai, zafi ya tsaya inda ake so. Mutum ɗaya ya zauna a farke yana duba agogon mai da na zafin ruwa duk rabin awa, domin tiyon lagireto ko bel idan ya tsinke cikin dare babu mai gani sai inji ya kama. A nisanci busasshiyar ciyawa da masu sayar da fetur a jarka. Da safe a zaro sandar awon mai a duba: idan mai ya ƙaru maimakon ya ragu, ko yana warin gas, a canza shi da filtarsa a garin farko da aka isa, a rubuta awannin da aka yi a littafin mota don maigida da bakanike su san inda za su fara lissafin sabis na gaba.